Ƙuri'u 495 da Makomar Motar Lantarki a Birtaniya

Ranar Alhamis, 20 ga Yulin 2023, aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓu uku na Ingila, dukkansu kujerun jam'iyyar Conservative mai mulki a lokacin. A Selby and Ainsty da ke arewa, wani matashi ɗan shekara 25, Keir Mather na jam'iyyar Labour, ya rushe ratar ƙuri'u fiye da 20,000 da Conservative ta ci kujerar da ita a 2019. A Somerton and Frome da ke kudu maso yamma, Sarah Dyke ta Liberal Democrat ta ƙwace kujerar da ratar ƙuri'u kusan 11,000. Saura ɗaya, wato Uxbridge and South Ruislip da ke gefen Landan ta yamma, kujerar da tsohon Firaminista Boris Johnson ya ajiye a watan Yuni bayan kwamitin majalisa ya same shi da yaudarar 'yan majalisa kan shagulgulan da aka yi a fadar firaminista lokacin kullen korona. Kowa ya ɗauka ita ce za ta fi saurin faɗuwa, domin ratar da Johnson ya bari ba ta wuce 7,210 ba. Sai ga Steve Tuckwell na Conservative ya sha da ƙyar, ya kayar da Danny Beales na Labour da ƙuri'u 495 kacal. Duk mai lissafi zai ce gwamnati ta kwana da kashi biyu a wannan dare, ta tsira da guda bisa sa'a. Amma kafin mako ya zagayo, an manta da Selby, an manta da Somerton, ba a maganar komai sai Uxbridge. Wata biyu cif bayan haka, Firaminista Rishi Sunak ya tsaya gaban 'yan jarida ya ɗage ranar hana sayar da sababbin motocin fetur da dizal daga 2030 zuwa 2035. Abin da zan nuna a nan shi ne, mutanen Uxbridge ba a kan motar lantarki suka kaɗa ƙuri'a ba, manyan jam'iyyun biyu sun yi wa sakamakon gurguwar fassara, kuma ainihin ƙorafin da ke ƙarƙashin ƙuri'un nan 495 har yau ba a amsa shi ba.

Sai an fahimci matsayin zaɓen cike gurbi a siyasar Birtaniya kafin a gane yadda ƙuri'u kaɗan haka suka girgiza gwamnati. Majalisar wakilan ƙasar tana da kujeru 650, kowace mazaɓa wakili ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci ko da bai kai rabi ba. In ɗan majalisa ya mutu ko ya ajiye aiki ko aka yi masa kiranye, sai a cike gurbinsa. Kujera ɗaya ba ta sauya gwamnatin da ke da rinjayen kujeru da dama, kuma masu zaɓe sun san da haka sarai, shi ya sa suke sakin jiki su huce haushinsu a kan mai mulki ba tare da tsoron ɗora wani a kan karaga ba. Fitowar jama'a kan yi ƙasa, a Uxbridge kashi 46 cikin 100 ne suka fito. Jam'iyyu kuwa sukan kwaso ma'aikatansu daga ko'ina su jibge a gari ɗaya, a bi gida gida ana ƙwanƙwasa ƙofa, a cika akwatin wasiƙar kowa da takardun talla. A irin wannan yanayi, batu guda na cikin gida yana iya haɗiye komai, abin da ba ya yiwuwa a babban zaɓe, inda tattalin arziki da asibitoci da halin shugabanni suke danne sauran zance.

Duk da haka 'yan majalisa suna tsoron zaɓen cike gurbi, kuma tarihi ya ba su dalili. A 1962 jam'iyyar Liberal ta ƙwace Orpington, bayan 'yan watanni Firaminista Harold Macmillan ya kori ministoci bakwai a tashi ɗaya. A Oktoban 1990 Conservative ta rasa Eastbourne, ba a fita Nuwamba ba Firaminista Margaret Thatcher ta sauka. A Maris na 1991 ta rasa Ribble Valley, nan take aka fara shirin binne harajin kai da ya jawo tarzoma a Landan. A Yunin 2021 ta rasa Chesham and Amersham, gyaran dokar gine-gine da gwamnatin Johnson ta ɗauko ya bi ruwa. Ɗan majalisar da ke zaune a kujerar baya ba ya karanta sakamako don ya fahimci ƙasa, yana karantawa ne ya auna ratar da ke tsakaninsa da abokin hamayyarsa a tasa mazaɓar. Bambancin Uxbridge da waɗancan shi ne, a da faɗuwa ce ke sa gwamnati ta janye manufa, a nan kuwa nasara ce. Jam'iyyar da Labour ta ba wa tazarar maki kusan 20 a ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta sami wuri ɗaya tak da ta tsaya da ƙafafunta, sai ta rungumi dalilin tsayuwar ta mai da shi tutar yaƙi.

Dalilin kuwa shi ne tsarin da ake kira Ulez, wato yankin da aka ƙayyade yawan hayaƙin da mota za ta fitar a cikinsa. Motar da ba ta cika sharaɗi ba, mai ita zai biya fam 12 da rabi a duk ranar da ya tuƙa ta a yankin, kuma na'urorin ɗaukar hoto da aka kafa a kan tituna ne ke karanta lambar mota. Abin dariya a nan, Boris Johnson ne ya fara sanar da tsarin tun yana magajin garin Landan. Magajinsa Sadiq Khan na Labour ya ƙaddamar da shi a tsakiyar birni a Afrilun 2019, ya faɗaɗa shi a Oktoban 2021, sannan ya sa 29 ga Agustan 2023 a matsayin ranar da zai game dukkan gundumomin Landan, har da Hillingdon inda Uxbridge take. Hujjarsa lafiya ce. Hayaƙin dizal yana ƙone huhu, kuma a Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma, wadda gidansu ke kusa da wani babban titi a Lewisham. Ba a taɓa rubuta irin wannan a takardar shaidar mutuwar kowa a Birtaniya ba sai a kanta.

Sai dai tsakiyar Landan daban, gefenta daban. A tsakiya mutum yana iya ƙare rayuwarsa bai mallaki mota ba, jirgin ƙasa da bas sun ishe shi. A Hillingdon layukan jirgin suna miƙewa ne zuwa tsakiyar birni, ba sa haɗa unguwa da unguwa, ga kuma masu aikin dare a filin jirgin sama na Heathrow, ga masu gyaran famfo da magina da ke yawo da kayan aiki a tsohuwar motar ɗaukar kaya. Hukumar sufurin Landan ta ce mota tara cikin goma da ke zirga-zirga a gefen birni sun riga sun cika sharaɗi. Gaskiya ne, amma ɗayan da ya rage galibi shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda da yana da halin sauya mota da tuni ya sauya. In yana fita aiki kwana biyar a mako, fam 62 da rabi ke nan duk mako, a shekarar da hauhawar farashi ba ta daɗe da sauka daga kashi 11 cikin 100 ba. Wani abin takaicin, da yawa daga masu dizal sun saye ta ne a zamanin da tsarin harajin gwamnati yake ƙarfafa sayen dizal, wai don ta fi fetur ƙarancin iskar da ke ɗumama duniya. Tuckwell, wanda kansila ne a gundumar kuma tsohon ma'aikacin gidan waya, ya mai da zaɓen ƙuri'ar raba gardama kan Ulez, ya rage ambaton jam'iyyarsa da Johnson. Beales ma da ya ga inda iska ta nufa, sai ya ce lokacin faɗaɗawar bai yi ba, ya saɓa wa magajin gari na jam'iyyarsa. Babu mai gardama cewa Ulez ta yi tasiri a wannan zaɓe.

Inda gizo ke saƙar shi ne, Ulez ba ta da alaƙa da motar lantarki sai ta nesa. Ba ta ce kowa ya sayi mota mai batir ba. Motar fetur da aka ƙera daga wajen 2006, da ta dizal da aka ƙera daga ƙarshen 2015, galibinsu suna wucewa ba ko kwabo. Mutumin Uxbridge da ke da tsohuwar dizal zai iya sayar da ita ya sayi motar fetur 'yar shekara 15, ya huta da biya. Ulez magana ce ta hayaƙin da ake shaƙa a bakin titi yau, magajin gari ne ya kafa ta, kuma kuɗi ne da za su fita daga aljihu nan da mako shida. Wa'adin 2030 kuwa magana ce ta sauyin yanayi, ta gwamnatin tsakiya, ta shafi sababbin motoci kaɗai, kuma da sauran shekara bakwai. Ko ranar ta zo, ba wanda za a ƙwace wa motarsa, ba wanda za a hana sayen ta hannu. A Birtaniya kuwa cinikin motar hannu ya kusa ninka na sabuwa sau huɗu, a 2024 an sayar da sababbi kusan miliyan 1.95, na hannu kuma fiye da miliyan 7. Magidancin da fam 12 da rabi ke hana shi barci ba ya cikin masu shiga shagon dillali su fito da mota fil a leda. Ɗage wa'adin da shekara biyar bai rage masa ko kwana ɗaya na biyan Ulez ba.

Su kansu alƙaluman zaɓen ba su goyi bayan fassarar da aka yi musu ba. Uxbridge ba wurin Labour ba ce. Tun 1970 har zuwa wannan zaɓe tana hannun Conservative, kuma ko a guguwar Tony Blair ta 1997 ba ta faɗi ba, Conservative ta riƙe ta da ƙuri'u 724, ta kuma sake cin zaɓen cike gurbin da aka yi a wannan shekara. A 2023 ma ƙuri'u sun karkata zuwa Labour da kusan kashi 7 cikin 100, rata ta zube daga 7,210 zuwa 495. 'Yar takarar jam'iyyar Green ta sami ƙuri'u 893, wato sun fi ratar da Tuckwell ya ci da ita. Da mutum 250 ne suka sauya ra'ayi a rumfar zaɓe, da labarin da jaridu za su buga washegari shi ne Conservative ta rasa uku cikin uku, har da kujerar Johnson, da kuma ba wanda zai ce Birtaniya ta juya wa manufofin muhalli baya. Ƙasa mai mutum kusan miliyan 68 ba ta sauya ra'ayi saboda abin da mutum 250 suka yi a safiyar wata Alhamis.

Amma aka yi kamar ta sauya, kuma ba Conservative kaɗai ba. Keir Starmer, jagoran adawa a lokacin, ya fito fili ya nemi Khan ya sake tunani. Khan bai janye ba, kotu ta yi watsi da ƙarar da ƙananan hukumomi biyar na Conservative suka shigar, sai dai ya ƙara kuɗin tallafin sauya mota zuwa fam miliyan 160, ya buɗe shi ga duk mazaunin Landan mai motar da ba ta cika sharaɗi ba, har fam 2,000 a kan kowace mota. Da ya yi haka kafin zaɓe, mai yiwuwa da labarin ya sha bamban. Daga baya, a Fabrairun 2024, Labour ta jingine alkawarinta na zuba fam biliyan 28 duk shekara a harkokin makamashi mai tsafta, ko da yake tsadar bashi tana cikin dalilan. Sunak kuwa ya bayyana kansa a matsayin abokin direbobi, ya yi alkawarin sababbin lasisin haƙo mai da gas fiye da 100 a Tekun Arewa, sannan ya yi jawabin 20 ga Satumba. A jawabin, bayan ɗage wa'adin motoci da sassauta batun tukunyar ɗumama gida, ya lissafo wasu abubuwa da ya ce ya soke: harajin nama, tilasta wa mutane shiga mota ɗaya, ajiye kwandon shara bakwai a kowane gida. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa zama dokar gwamnati. Firaministan da ke soke dokokin da babu su, a bayyane yake cewa saƙo yake aikawa ga masu zaɓe, ba gyaran manufa yake yi ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka ta zo bayan mako ɗaya. Gwamnatin nan dai ta tabbatar da wata doka da ba ta sami rabin hayaniyar jawabin ba, alhali ita ce ke riƙe da linzami. Dokar ta wajabta wa kowane kamfanin mota cewa wani kaso na sababbin motocin da yake sayarwa a Birtaniya ya kasance marasa hayaƙi kwata-kwata: kashi 22 cikin 100 a 2024, kashi 28 a 2025, a yi ta hawa har kashi 80 a 2030, sannan 100 a 2035. Kamfanin da ya gaza zai biya tarar fam 15,000 a kan kowace motar da ta haura ƙa'ida, sai dai in ya sayi rarar wani kamfani ko ya ranto daga shekara mai zuwa. Majalisa ta amince da ita a Disamban 2023 da goyon bayan Labour, duk da tawayen 'yan Conservative fiye da ashirin, ciki har da Suella Braverman da Priti Patel, ta kuma fara aiki a Janairun 2024. Ma'ana, ko bayan jawabin, mota huɗu cikin biyar da za a sayar sabuwa a 2030 dole ta zama ta lantarki. An gaya wa mai saye cewa ya kwantar da hankalinsa, babu gaggawa, an kuma gaya wa mai sayarwa cewa in bai sayar ba zai sha tara. Wannan shi ne a ce wa kare cas, a ce wa zomo gudu.

Kamfanonin sun gane haka tun ranar farko. Shugabar Ford a Birtaniya, Lisa Brankin, ta soki matakin a fili, tana cewa abin da masana'antar ke nema daga gwamnati shi ne tsayawa kan magana ɗaya. Ƙera sabuwar mota daga zane zuwa kasuwa yakan ci shekara huɗu zuwa biyar, masana'antar batir kuwa jari ne na shekaru ashirin ko fiye. Kwana ɗaya kafin zaɓen Uxbridge, 19 ga Yuli, Sunak da kansa ya yi murnar sanarwar kamfanin Tata, mai Jaguar Land Rover, cewa zai gina masana'antar batir ta fam biliyan 4 a Birtaniya, wadda aka ajiye a Somerset. Kwana tara kafin jawabin, BMW ya sanar da zuba fam miliyan 600 don ƙera Mini mai lantarki a Oxford. Waɗannan duka sun yi lissafinsu ne a kan ranar da Johnson ya sa a Nuwamban 2020. Ita kanta ranar ta sha yawo: 2040 a 2017, 2035 a farkon 2020, 2030 a ƙarshen shekarar, 2035 a 2023, sannan Labour ta maido da 2030 bayan ta hau mulki. Kason motocin lantarki a kasuwa ya tsaya cak a wajen kashi 16 da rabi a 2022 da 2023, ya hau zuwa kashi 19.6 a 2024, kuma kamfanoni sun ce sai da suka yi rangwamen biliyoyin fam kafin a kai nan. Ba zan ɗora wa jawabi ɗaya alhakin wannan duka ba, domin gwamnati ta riga ta soke tallafin sayen motar lantarki tun Yunin 2022, kuɗin ruwa ya tashi, wutar lantarki ta yi tsada bayan yaƙin Yukren. Amma jawabin ya ƙara wa mai shakka dalilin jira, a daidai lokacin da doka ke buƙatar ya saya.

In kuwa an ce riba ta siyasa aka nema, to ba a same ta ba. Wata ɗaya bayan jawabin, 19 ga Oktoba, Conservative ta rasa Mid Bedfordshire da ratarta ta haura 24,000, ta rasa Tamworth da ratarta ta kusa 20,000, kuma duka biyun yankuna ne da ba a rayuwa sai da mota. A Janairun 2024 Chris Skidmore, ministan da ya sa hannu a dokar kawar da hayaƙi nan da 2050 a zamanin Theresa May, ya ajiye kujerarsa ta Kingswood don adawa da sabon ƙudurin haƙo mai, Labour ta ɗauke ta a Fabrairu. A watan Mayu Susan Hall ta tsaya takarar magajin garin Landan da alkawarin soke faɗaɗa Ulez ranar da ta shiga ofis. Ta yi nasara a wasu yankunan gefen birni, amma Khan ya ci wa'adi na uku da kusan kashi 44 cikin 100, ita kuma kusan 33, alhali wata takwas ke nan ana karɓar kuɗin, ana kuma farfasa ɗaruruwan na'urorin ɗaukar hoto da dare. A babban zaɓen 4 ga Yulin 2024 Conservative ta tashi da kujeru 121, mafi ƙaranci a tarihinta, Danny Beales kuma ya karɓi Uxbridge da ratar 587.

Akwai mai cewa wannan duk raini ne irin na masu ilmi, domin amfanin zaɓe shi ne a saurari jama'a, kuma gwamnatin da ta ji koke ta sassauta ba ta yi laifi ba. Zai ƙara da cewa 2035 ita ce ranar da Tarayyar Turai ta sa wa kanta, don haka Sunak bai yi komai ba illa daidaita ƙasarsa da maƙwabta. Na yarda da rabin maganar. Ranar 2035 ba abin kunya ba ce, kuma da an zaɓe ta tun farko an tsaya a kanta, da masana'anta ta gina lissafinta a kai ba tare da asara ba. Na kuma yarda cewa akwai koke na gaske a Uxbridge. Inda muka rabu shi ne, sauraro yana nufin a ji abin da aka faɗa. Abin da mutanen suka faɗa shi ne an ɗora musu kuɗi nan take, a lokacin tsada, ba tare da isasshen taimakon sauya mota ba, kuma wanda ya fi talauci shi ya fi biya. Amsar wannan ita ce tallafi mai kauri, da ƙarin lokaci ga masu ƙananan sana'o'i, da motocin bas masu haɗa unguwanni. Gwamnatin tsakiya ta ba wa birane irin su Birmingham da Bristol kuɗin taimaka wa direbobi lokacin da suka kafa nasu yankunan tsaftace iska, amma ba ta ba Landan na faɗaɗawar 2023 ba.

Wannan koke na wa zai biya shi ne ainihin raunin sauyin zuwa motar lantarki a Birtaniya, kuma ba a ranar wa'adi yake ba. Mai gida da filin ajiye mota a ƙofarsa yana kafa na'urar caji a bango, ya jona da dare lokacin da wuta ke araha, ya biya harajin kaya na kashi 5 cikin 100. Mai zama a bene ko a jerin gidajen da ƙofarsu ke buɗewa kai tsaye kan titi, waɗanda sun kai wajen kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar, dole ya nemi wurin cajin jama'a, ya biya harajin kashi 20, kuma a na'ura mai saurin caji farashin yakan kusa ninka na dare a gida sau goma. Haka ma wajen saye. Ma'aikacin da kamfaninsa ya ba shi motar lantarki, kashi 2 cikin 100 na darajarta kawai aka riƙa lissafa masa a haraji har zuwa Afrilun 2025, alhali na motar fetur yakan haura kashi 25. Shi ya sa galibin motocin lantarki kamfanoni ne ke saye, a cikin masu saye da kuɗin aljihunsu kuwa kusan ɗaya cikin goma ne ya zaɓi ta lantarki a 2024. Tsari ne da ya fi sauƙi ga mai albashi mai tsoka da gida na kansa. Ɗan siyasar da ya fahimci Uxbridge da gaske, nan zai sa hannu, ya daidaita harajin caji, ya shimfiɗa na'urori a titunan unguwa, ya tallafa wa kasuwar motar hannu. Aiki ne mai cin kuɗi, marar armashi a kanun jarida, shi ya sa sauya rana ya fi daɗin yi.

Ƙalubale mafi nauyi ga matsayina ya zo ne daga baya. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage, wadda ke neman a soke manufar 2050 ɗungurungum, ta sami ƙuri'u fiye da miliyan 4 a 2024, sannan a 1 ga Mayun 2025 ta ƙwace Runcorn and Helsby daga Labour da ƙuri'u 6, rata mafi ƙanƙanta a zaɓen cike gurbi tun bayan yaƙin duniya na biyu. Kemi Badenoch, wadda ta gaji Sunak, ta ce ba za a iya cimma wa'adin 2050 ba, ta kuma yi alkawarin soke dokar sauyin yanayi ta 2008, dokar da jam'iyyarta ta mara wa baya lokacin da 'yan majalisa ƙalilan ne suka ƙi ta. Mai gardama zai ce ashe Sunak ya hango abin da ke tafe. Ban gamsu ba. Masu zaɓen Reform, in aka tambaye su, shige da fice ne a kan gaba, kuma a Runcorn abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne yanke wa tsofaffi kuɗin ɗumama gida lokacin hunturu da rage tallafin naƙasassu, ga kuma ɗan majalisar da ya bar kujerar bayan kotu ta same shi da dukan wani mutum. Abin da ya tabbata shi ne haɗin kan manyan jam'iyyu kan batun yanayi ya tsage, kuma tsagewar daga sama ta faro. Shugaba in ya gaya wa magoya bayansa cewa manufar da jam'iyyarsu ta kafa nauyi ce da aka ɗora musu ba da yardarsu ba, wasu za su gaskata shi, sannan su tambayi dalilin da ya sa ya tsaya a rabin hanya. Wanda ya ce a soke gaba ɗaya shi zai kwashe su.

Labour ma ba ta fita daga tarkon ba. Bayan kamfanin motoci na Stellantis ya sanar a Nuwamban 2024 cewa zai rufe masana'antar Vauxhall ta Luton mai ma'aikata kusan 1,100, yana ambaton dokar kason motoci cikin dalilansa, gwamnati ta sake zama. A Afrilun 2025 ta tabbatar da 2030 ga motocin fetur da dizal zalla, ta bar masu haɗa fetur da lantarki har 2035, ta rage tara zuwa fam 12,000, ta ƙara wa kamfanoni ƙofofin kaucewa. A Yuli ta dawo da tallafin saye, har fam 3,750 ga motar da ba ta wuce fam 37,000 ba. Babban ramin kuwa yana baitulmali. Harajin man fetur yana kawo wa gwamnati wajen fam biliyan 25 a shekara, kuma daga 2011 har zuwa 2025 babu ministan kuɗin da ya yi ƙarfin halin ƙara shi, domin ba a manta da Satumban 2000 ba, lokacin da direbobin manyan motoci da manoma suka toshe matatun mai, gidajen mai suka bushe cikin 'yan kwanaki. Duk motar lantarkin da ta hau titi tana rage wannan kuɗin shiga. Don haka a kasafin Nuwamban 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da cewa daga Afrilun 2028 mai motar lantarki zai biya kwabo 3 na kuɗin Ingila a kan kowane mil, mai haɗa fetur da caji kuma rabin haka. Wannan ya fi kama da Ulez fiye da wa'adin 2030 nesa ba kusa ba, domin kuɗi ne da mutum zai gani da idonsa yana fita, zai fi cizon wanda ke zaune nesa da wurin aikinsa, kuma zai fara aiki ne ƙasa da shekara ɗaya da rabi kafin Agustan 2029, lokacin da doka ta ce dole a yi babban zaɓe na gaba.